Signal da Proton Mail: Me Suka Miƙa wa Hukuma?

A shekarar 2016 ne masu gabatar da ƙara a jihar Virginia ta Amurka suka umarci kamfanin manhajar saƙonni ta Signal da ya miƙa bayanan wasu lambobin waya biyu. Ɗaya ce kawai ke da rajista, kuma abin da aka samu a kanta bai taka kara ya karya ba: lokacin da aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da aka shiga. Saƙonni da sunayen abokan hira kuwa, kamfanin bai taɓa ajiye su ba, balle ya bayar.

Irin wannan ne ke jan hankalin masu gudun bibiya a intanet. To amma ba kowane alƙawari ke tsira a gaban alƙali ba. A 2021, hukumomin Switzerland sun tilasta wa Proton Mail, wanda ya yi suna wajen rufa asiri, ya naɗi adireshin intanet na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa, har 'yan sanda suka kama shi. Wasiƙunsa dai sun ci gaba da zama a kulle, domin kamfanin kansa ba ya iya karanta su.