Cek Ɗin Da Ke Sauya Wa Bashi Mazauni

A ƙasar Amurka, magidanci yakan buɗe wasiƙa daga banki ya tarar da takardun cek biyu ko uku, da sunansa a bisansu, ba kuwa shi ya roƙa ba. Tare da su akwai takarda mai daɗin baki, tana cewa ya rubuta cek ɗin nan ya biya bashin da wani banki ke binsa, su kuwa ba za su ɗora masa ruwa ba har wata goma sha biyar, ko sha takwas. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu yadda wannan sha'ani yake, musamman malaman makaranta da akawuna, domin lissafi ne tsantsa, kuma wanda bai iya shi ba shi ke biyan wanda ya iya.

Sai mu fara da katin bashi kansa. Shi wani ɗan kati ne da banki ke ba mutum ya yi sayayya, bankin ya biya mai kaya, sa'an nan a ƙarshen wata ya aiko da takardar abin da aka ci. A 1950 aka fara Diners Club a birnin New York, a 1958 Bank of America ya rarraba nasa a garin Fresno, wanda daga baya ya zama Visa, a 1966 kuma Barclaycard ya fito a Ingila. Wanda ya biya duka a kan kari ba a ɗora masa kome. Wanda ya biya kaɗan ya bar saura, to, a kan sauran nan ruwa ke hawa, kuma ba ƙaramin ruwa ba ne. A 2023 abin da ake ɗorawa a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, a cikin shekarar kuma jimlar bashin kati na mutanen ƙasar ta wuce dala tiriliyan ɗaya.

To, ga mutum da bashi ya yi masa katutu, ga cek a hannu. In ya rubuta shi da sunan bankin da ke binsa, tsohon bashi ya mutu a can, amma nan take ya tashi a littafin bankin da ya aiko da cek. Ko kwabo bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, gama akwai la'ada, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wadda ake haɗawa da uwar kuɗi tun ran farko. Abin da mutumin ya saya da la'adar nan shi ne lokaci. Kuma ba a yarda a yi sauyin tsakanin kati biyu na banki guda ba, don dai manufar bankin ita ce ya janye mai cin bashin wani ya zama nasa.

Bari mu buga misali. A ce ana bin mutum dala 6,000, ruwa kashi 22 cikin ɗari. Kowane wata ruwa kaɗai zai cinye kamar dala 110. In ya rubuta cek mai la'adar kashi 3, bashin ya zama dala 6,180, wa'adi wata 15. A raba 6,180 gida 15, a sami 412. In ya daure yana biyan dala 412 kowane wata, ran da wa'adi ya cika ya fita fes, bai yi hasarar kome ba sai dala 180. Wannan riba ce ta gaske, ba mu musu. Amma a ce dala 100 kurum yake turawa, yana jin daɗi wai ba ruwa. Bayan wata 15 ya biya 1,500, saura 4,680, ruwa kuma ya komo da ƙarfinsa na da, watakila ma ya fi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Bankin kuwa ya san da yawa daga cikin masu rubuta cek ɗin irin na biyun nan ne, in ba haka ba da me zai biya kuɗin tambarin wasiƙa?

Akwai tarko kuma a cikin ƙananan rubutun da ke bayan takardar, wanda galibi ba a karantawa. Ba kowane cek ne na sauya bashi ba. Wani, in an rubuta shi, banki na lissafa shi kamar an karɓi tsabar kuɗi ne a kanta, ruwansa ya fi na sayayya tsada, kuma tun ran da aka karɓa yake fara hawa. Takardun sun yi kama da juna ƙwarai, sai an duba sharuɗɗa da ranar da tayin zai ƙare. Sa'an nan wanda ya yi sabuwar sayayya da katin da ya kai wa bashin, sau da yawa ruwa kan hau sayayyar nan da nan, tun da akwai saura a kansa. Wanda kuma ya yi sakaci da biya har ya makara, yana iya rasa rangwamen ɗungum.

Hukuma ta sa baki a kan wasu daga cikin waɗannan. Da can, in mutum ya biya kuɗi, banki yakan zuba su a kan bashi marar ruwa, ya bar mai ruwa yana ta haihuwa. A 2009 majalisar Amurka ta yi dokar katin bashi, wadda ta ce abin da mutum ya biya sama da mafi ƙanƙantar biyan wata, a fara zuba shi a kan bashin da ya fi ruwa tsada. Ta kuma ce rangwame kada ya kasa wata shida. A Ingila an fi tsanantawa. Wata doka ta 2010 ta taɓo zancen, yanzu kuwa banki ba ya aika wa mutum irin wannan cek sai shi ya roƙa. Can kuma akwai wani abin lura: dokar 1974 ta sa banki ya ɗauki alhaki tare da mai kaya in an cuci wanda ya sayi abu da kati, daga fam 100 zuwa fam 30,000, amma wanda ya biya da cek ɗin kati ba shi da wannan kariya.

A ganinmu babban haɗarin ba a takardar yake ba. Ran da cek ya shiga, tsohon kati ya koma wayam, kamar ba a taɓa cin bashi da shi ba, ga shi kuwa cikin aljihu. Mai raunin zuciya sai ya sake cika shi, kafin shekara ta zagayo yana ɗauke da bashi biyu maimakon ɗaya. Saboda haka masu ba da shawara kan bashi a can sukan ce wa mutum ya ajiye tsohon katin a gida, ya ci gaba da biyansa har ya ga shaidar cewa kuɗin sun isa, gama sauyin yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Takardun cek da suka rage kuwa a yayyage su, don duk wanda ya tsince su yana iya rubutawa da sunan mai su.