Hedfon Mai 7.1: Shin Zai Yi Aiki A Waya?

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, kwalayen hedfon da yawa na ɗauke da lambar 7.1, kuma matasan Gyadi-Gyadi masu buga PUBG Mobile sukan ƙara kuɗi saboda ita.

Asalin 7.1 lasifika bakwai ne kewaye da mai sauraro, da ta takwas mai fitar da amo mai kauri. Amma yawancin hedfon lasifika biyu kawai gare su. Manhaja ce ke ɗan jinkirta sauti da sauya ƙarfinsa tsakanin kunnuwa biyu, sai mutum ya ji kamar takun abokin gaba daga bayansa yake zuwa.

Matsalar ita ce manhajar galibi a kwamfuta take aiki. Idan aka jona hedfon ɗin a waya, sau da yawa sautin dama da hagu kawai zai bayar, daidai da mai araha.

Na Bluetooth kuwa sautinsa kan makara, kuma ingancinsa na raguwa da zarar an buɗe makirufo ana hira. Mai igiya ya fi dacewa da gem. Dabara ita ce mai saye ya gwada a wayarsa kafin ya biya.