Inda kalmar Holanci take karyewa

A unguwar Bijlmer ta birnin Amsterdam, inda 'yan Ghana suka yi kaka-gida, 'yan zango sun iso da Hausa da Turanci a baki. Wasiƙar hukuma kuwa da Holanci take zuwa, kalma ɗaya ta cinye rabin layi: verblijfsvergunning, takardar izinin zama. 'Yan Nijar mazauna Antwerp a Beljiyam ma haka suke fama, don Faransanci ba ya fisshe su a ofisoshin yankin Flanders.

Holanci manne kalmomi yake yi ba tazara. Bahaushe ya saba jin uwar magana a gaba, ya ce likitan gida. Masu Holanci kuwa a baya suke ajiye ta: huisarts, gida tukuna, sannan likita. Shi ya sa wanda ya kwana biyu a can yake soma karanta doguwar kalma daga wutsiya.

Aikin yana wajen gano mahaɗa, domin a nan gaɓa take karyewa. Ɗauki massagebed. In ka yanka ta massage-bed, gadon tausa ke nan. In ka yanka massa-gebed, ka koma addu'ar taro, irin ta filin Idi. Haruffan ba su sauya ba.

Sai kuma inda ake danna murya. Galibi a kan kashin farko take faɗawa, ko da yake stadhuis, ginin hukumar gari, a ƙarshe ake danna ta. Voorkomen kuwa, in an danna farko tana iya nufin gurfana gaban alƙali, in an danna tsakiya tana nufin hana abu aukuwa. A ganina nan ne Bahaushe yake da jarin da bai sani ba. Kunnen da ya bambance kukan jariri da miyar kuka ba zai gaza jin wannan ba, in dai malamin aji ya nuna masa abin saurare.

Tun 1 ga Janairun 2022 dokar inburgering ta Holan, wato ta shigar da baƙi cikin al'umma, ta ɗaga matakin harshe da ake nema wurin akasarin sababbin baƙin da ta shafa daga A2 zuwa B1, kuma har da jarrabawar magana. Cusa wasali tsakanin baƙaƙe, al'adar bakinmu, ma'aikacin ofis kan jure shi. Danna murya a inda ba nan ba ne yake sa ya ce a maimaita, har uba ya waiwaya ya ce wa ɗansa ɗan firamare ya faɗa masa.