Linux ba laya ba ce: darasi daga Adjamé da Treichville

A Black Market ta Adjamé, inda ake saye da gyaran wayoyi, na taɓa tsayawa ina jiran a gyara tawa. Sai ga wani dattijo ya miƙa sabuwar waya ya ce a zuba masa manhajoji. Kafin ka ce kwabo an cika ta daga wata kwamfuta, bai ko tambayi daga ina suka fito ba. A wayar nan kuwa zai riƙa karɓar kuɗin cinikinsa ta Wave da Orange Money.

Da yawanmu ba mu san cewa Android ɗin da ke aljihunmu a kan Linux aka gina shi ba, wato tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi ne kuma ke kan tsofaffin kwamfutocin makarantarmu a Treichville, waɗanda aka sa wa Ubuntu. Ranar da aka sa, wani abokin aikina ya ce mini: "Malam, shi ke nan, wannan ba ya kamuwa da bairos."

Yana da gaskiya, amma rabi. Linux ba ya barin manhaja ta taɓa cikin tsarin sai da izinin mai kula da shi, kuma yawancin bairos don Windows aka rubuta su. Sai dai a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin raba intanet masu aiki da Linux. Ba wata dabara ta yi ba, lambobin sirrin da suka zo da su daga kamfani ta gwada, ta tarar masu su ba su canja ba.

Mu ma mun ga namu. Filashin da ya yi yawo a shagunan intanet ya shiga kwamfutarmu bai yi mata komai ba, amma da ya isa ta ofis mai Windows, sai da muka sake rubuta makin ɗalibai da hannu. Yanzu duk filashin da ya shigo, sai mun bincike shi da ClamAV, wadda kyauta ce.

Rigakafin dai ba shi da tsada. Ka canja lambar sirrin da na'ura ta zo da ita. In ta nemi sabuntawa, kar ka ce sai gobe. Manhaja kuma daga Play Store ko rumbun Ubuntu kawai, ba wadda aka turo ta WhatsApp ba. Wadda ta nemi izinin karanta saƙonninka ba dalili, ka cire ta.

In kuma 'yan damfara sun riga sun yi maka ɓarna, kar kunya ta sa ka yi shiru. Kodebuwa na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2013, kuma hukumar PLCC na karɓar ƙara. Ka ajiye saƙonnin da lambar da aka tura kuɗin, ka tafi da su.