Kano ta yi yaƙi, Katsina ta buɗe ƙofa: Yadda biranen Arewa suka fuskanci mamayar Turawa a 1903

A ƙarshen watan Maris na 1903, Frederick Lugard ya shiga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, ba tare da an yi harbi ba. Sarki Abubakar ya karɓe shi, ya kuma miƙa wuya.

Wannan shawara da aka yanke a fada ta hau kan kowa a masarautar, har da manoman Gozaki da ke ƙaramar hukumar Kafur a yau, da maƙwabtansu na Malumfashi da Maska. Babu wanda ya nemi ra'ayinsu, amma su ne suka biya harajin da ya biyo baya.

Me ya sa Katsina ta buɗe ƙofa? Amsar tana cikin abin da ya sami Kano makonni bakwai kafin nan.

Ranar da ganuwa ta gaza

Tun a 1902 Turawan Ingila suka girke sojoji a Zariya. A watan Oktoba na shekarar, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano, inda Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Lugard ya sami hujjar da yake nema.

Ranar 29 ga Janairun 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu sarrafa kansu guda huɗu. Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, har da Hausawa.

A hanya suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, suka kashe masu tsaronta. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano.

Ganuwar Kano a lokacin abin tsoro ce: tsawon kewayenta ya haura mil 10, ga kauri, ga gwalalo a gabanta. Harsashin igwa ya riƙa nutsewa a cikin ƙasar ganuwar kamar an jefa tsakuwa a taɓo. Da suka kasa a ƙofar farko, sai maharan suka zagaya yamma, suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga.

Sarki ba ya gari. Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mayaƙan dawakai domin yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi, Attahiru na Ɗaya. Sarkin Shanu Muhammadu, bawan sarki da aka bar wa tsaron gari, ya ja daga a Gidan Rumfa tare da 'yan mutanensa har aka kashe shi. Ɗaruruwan Kanawa suka kwanta dama a wannan rana.

Cikin 'yan kwanaki Kasuwar Kurmi ta ci gaba da ci. Turawa sun rufe ɓangaren cinikin bayi, sauran harkoki kuma suka koma yadda suke. Birnin da aka ci da yaƙi dole ya nemi abin da zai sa a baka.

Hanyoyi uku

Labari ya iske rundunar Kano tana kan hanyar dawowa. Alu ya bar mutanensa cikin dare ya nufi arewa, daga baya aka kama shi aka miƙa wa Turawa. A Lakwaja ya rasu a 1926.

Rundunar ta rabu biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya yi karo da sojojin Turawa a kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, aka kashe shi tare da mayaƙa da dama. Wambai Abbas kuwa ya jagoranci sauran jama'a zuwa gida, ya miƙa wuya, Lugard ya naɗa shi Sarkin Kano a farkon Afrilu.

Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi bayan gajeren artabu a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hanya ta uku, wato hijira. Ya nufi gabas, dubban mutane, talakawa da sarakuna, suka bar gonakinsu suka bi shi. Turawa suka bi sawu har Burmi, a jihar Gombe ta yau, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Mai Wurno ya kai ragowar jama'ar Sudan, kuma har yanzu akwai gari mai sunansa a can.

Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari ya koma gari tare da waɗanda ba su iya tafiya ba. Abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai, sannan ya rubuta wasiƙa yana bayyana hujjarsa: ya halatta a bi mai ƙarfi a zahiri domin kare rayuka da addinin jama'a, muddin zuciya ba ta bi shi ba.

Faɗuwar Kano da Sakkwato ta riga Lugard isa Katsina. Sarki Abubakar ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Abin da sallamawa ta saya

Miƙa wuya ya tsare birnin Katsina daga igwa, amma bai tsare sarkin ba. Kafin a cika shekara biyu Turawa suka tuɓe Abubakar bisa zargin ƙin ba su haɗin kai. Suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, wanda jikokinsa ke riƙe da sarautar har yau.

A shekarar ne kuma aka ga sakamakon bijirewa bayan an riga an ci ƙasa. Mutanen Satiru da ke kusa da Sakkwato sun yi tawaye a watan Fabrairu, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka shafe garin baki ɗaya. A watan Afrilu aka kashe Sarkin Haɗejiya Muhammadu a cikin garinsa.

Ga mutumin karkara a kudancin Katsina, mamayar ta zo ne a hankali. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon birni. Aka ƙidaya magidanta da shanu. Haraji da jangali suka koma da kuɗin Bature a maimakon wuri, kuma hanya mafi sauƙi ta samun wannan kuɗi ita ce noman auduga. Daga baya jirgin ƙasa ya ratsa Funtua, aka kafa injinan gurzar auduga a yankin. Yawancin abin da ake kira arzikin audugar Funtua da Malumfashi daga nan ya samo asali, tare da aikin tilas da aka sha wajen gina hanyoyi.

Wani birni mai ganuwa a Sin

Bayan shekara 34, irin waɗannan tambayoyi suka fuskanci Nanjing, babban birnin ƙasar Sin a lokacin, wanda shi ma ganuwa ce ta kewaye shi. Da sojojin Japan suka matso a 1937, gwamnati ta kwashe ta yi yamma. Kwamandan da aka bar wa tsaron birnin ya tsallake kogi ya bar sojojinsa, garin ya faɗi ranar 13 ga Disamba.

Abin da ya biyo baya ya wuce duk abin da Kano ta gani. An shafe kusan mako shida ana kisa da fyaɗe da ƙone-ƙone. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙin ta ce an kashe sama da mutum 200,000, hukumomin Sin kuma suna cewa 300,000. Wasu baƙi mazauna birnin, ƙarƙashin wani Bajamushe John Rabe, sun keɓe unguwa guda inda dubban ɗaruruwan mutane suka fake. A 1940 Japan ta kafa gwamnatin 'yan ƙasa mai yi mata biyayya a birnin, ta zauna har 1945.

Akwai zaren da ya haɗa labaran biyu. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano ita ce daga baya ta ɗebi samarin Arewa, ta kai su dazukan Bama domin yaƙar sojojin Japan daga 1943 zuwa 1945. Jikokin waɗanda aka mamaye suka je yaƙi da wani mai mamaya, a ƙarƙashin tutar wanda ya mamaye su.

Tambayar ba ta tsufa ba

A yau babu Lugard, kuma 'yan bindigar daji ba daula ba ne. Sai dai ƙauyukan kudancin Katsina, daga Faskari da Sabuwa zuwa Malumfashi da Kafur, sun san wannan mararraba. Wasu sun ɗauki makami sun shiga sa-kai. Wasu sun bar gonaki sun koma Funtua da sauran garuruwa. Wasu kuma sun zauna an yi sulhu domin a samu a yi noma.

Tarihin 1903 bai yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya ba. Ana tuna Sarkin Shanu da Waziri Ahmadu da jarumta, ana tuna Attahiru da riƙon aƙida, amma a hannun su Abbas da Buhari aka bar masallatai da kasuwanni da marayu. Abin da ya nuna a fili shi ne, a duk hanyar da manya suka ɗauka, talaka ne ya fi biyan kuɗinta.