Sisili Wiliyams: macen da ta gano ciwon yaye

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san wannan ciwo. An yaye yaro, bayan ƴan watanni ƙafafunsa sun kumbura. Gashinsa ya yi ja, fatarsa tana saɓulewa. Ba ya wasa, ba ya son abinci. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce maita. Ga labarin macen da ta nuna wa duniya cewa ciwon yana da nasaba da abinci.

Wace ce ita?

Sunanta Sisili Wiliyams. An haife ta a tsibirin Jamaika a shekarar 1893. Ta yi karatun likita a Okisfod, cikin Ingila, a zamanin da mata likitoci ba su da yawa. A 1929 aka tura ta aiki ƙasar Gana, lokacin tana hannun Ingilishi. Ta yi aiki a asibitin yara na Ankara, garin da mutanenmu da yawa suka sani wajen bida.

Ta saurari mata

A can ta ga ana kawo yara kumburarru, da yawa suna mutuwa. Sai ta zauna da uwaye da kakanni tana tambaya: me yaron yake ci? Yaushe aka yaye shi? Ta gane yawancinsu kunun masara kaɗai suke sha tun da aka cire su daga nono. Da ta riƙa ba su madara, sai wasu suka tashi.

A 1933 ta rubuta bayanin ciwon. A 1935 ta sa masa sunan da mutanen Ga na Ankara suke kiran sa da shi, wato kwashiyoko. Ma'anarsa: ciwon da yaro yake kamuwa da shi in an yi masa ƙane. Wasu manyan likitocin Ingila suka ce ta yi kuskure, wani tsohon ciwo ne da aka sani. Daga baya aka tabbatar ita ce da gaskiya.

Yaƙi da madarar gwangwani

A 1936 aka mai da ta Malaya, can gabashin duniya. Nan ta tarar ƴan kasuwa suna ruɗin mata su bar ba da nono, su sayi madarar gwangwani. Jarirai suna ta mutuwa. A 1939, a birnin Singafo, ta yi jawabi mai zafi, ta ce irin wannan talla kisan kai ce.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare ta, daga 1942 zuwa 1945. Ta sha yunwa da ciwo, amma ta fito da rai. A 1948 ta zama shugaba ta farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS. Ta rasu a 1992 tana da shekara 98.

Mu fa a Arewa?

Daga Dogon Dutsi har Tibiri, in mace ta yi rurrutsa, sau da yawa ana yaye yaro rana ɗaya, a kai shi wurin kaka. Daga nan sai kunun hatsi da fura mai ruwa. Hatsi yana ƙosarwa, amma shi kaɗai ba ya isa ya gina jikin yaro. In zawo ko ƙyanda suka same shi a haka, sai tamowa ta shigo.

Ga abin da likitoci suke faɗa:

Wata 6 na farko, nono kaɗai, ko ruwa ba a ƙara ba.

Daga wata 6, a ƙara kunu mai kauri, ana ci gaba da nono har shekara 2. Mai ciki ma tana iya shayarwa, nononta bai ɓaci ba.

A zuba wa kunun garin wake, ko gujiya, ko ƙuli-ƙuli, ko garin zogala. A ba yaro ƙwai da madarar da aka tafasa.

Maigida, kada ka sayar da wakenka duka bayan girbi. Makiyayi, kafin a kai nono kasuwa, a cire rabon yaro.

Ga gwaji mai sauƙi: ka danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, ka ƙidaya har 3. In ka ɗaga ka ga rami ya tsaya a ƙafa biyu, to a kai shi likita ranar nan. Kada a jira ranar kasuwa. Ciwon yana kisa, amma yana warkewa in an zo da wuri.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa matan gidansu.