Zumuntar majami'a: yadda Kiristocin Nijar ke ɗaukar nauyin junansu

Tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, rayuwa ta yi tsada a Gaya da garuruwan kewaye irin su Tanda. Ciniki ya ja baya, kayan masarufi suka hau. A irin wannan hali, Bahaushe da Badande dangi suke nufa. To, wanda danginsa ke nesa fa, ko wanda suka yi masa baya saboda ya canza addini?

Tambayar ta fi shafar Kiristoci, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasa ba. Wasunsu baƙi ne daga Benin, Togo da Najeriya, wasu kuma 'yan ƙasa ne. Ga mafi yawansu, majami'a ce ke tsayawa a madadin dangi, kuma ba fasto kaɗai ke wannan aiki ba. 'Yan sa-kai ne, waɗanda ba a biyansu ko dala.

Tsarin ya fi fitowa fili a jahar Maraɗi. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, ya kafa sansani a Tsibiri bayan 'yan shekaru, sannan ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga wannan aiki ne ekklisiyar EERN ta fito, kuma da Hausa ake sujada a yawancin majami'unta.

Ginshiƙin taimakon shi ne Zumuntar Mata, wadda ake samu har a majami'un arewacin Najeriya. Matan na haɗuwa kowane mako, su yi addu'a da waƙa, kowace ta jefa abin da ta samu a asusu. Idan mace ta haihu, su ke kai sabulu, itace da abinci. Idan an kwantar da wani a likita, su ke raba kwanakin jinya. Ranar rasuwa kuwa, su ke ɗora tukunya don masu zuwa gaisuwa.

Matasa na da nasu aikin: gyaran ɗakin da ruwan sama ya rushe, noman gonar tsoho ko gwauruwa, haƙa kabari. Dattawan ekklisiya su ke riƙe da baikon ranar Lahadi, su ke yanke wanda za a biya wa magani ko kuɗin lakwal, su ke kuma sasanta ma'aurata. A wajen 'yan Katolika, ƙungiyar CADEV ce ke ɗaukar manyan ayyukan agaji, kuma ba ta tambayar addinin mabuƙaci.

Mai karatu zai ga cewa babu baƙon abu a nan. Biki ne, gayya ce, adashi ne, aka shigar da su cikin majami'a.

An gwada ƙarfin wannan zumunta a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai. Iyalai da dama sun sami mafaka a gidajen 'yan'uwansu na majami'a, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su.

Sai dai tsarin na da rauni. Asusun daga aljihun talakawa yake cika, don haka ranar da buƙata ta ƙaru, ranar ce baiko ke raguwa. Nauyin kuma ya fi sauka a kan mata, waɗanda ke haɗa shi da aikin gida da sana'a. Zumunta tana iya sayen magani na mako guda, amma ba ta iya biyan aikin tiyata. A gari irin Gaya, inda abincin mutane da yawa ke rataye da gada, asusun majami'a ma jiran buɗe iyaka yake yi.